Daga Kututture Zuwa Jirgin Ruwa: Yadda Ake Samun Lasisin Fitar da Katako a Gana

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin manyan hanyoyin kudancin Gana, wajajen Kumasi ko Takoradi, ya ga tirelolin nan masu tafiya kamar ba sa so, ɗauke da gumagumai uku ko huɗu an tamke su da sarƙa. In motar ta tsaya ka matsa kusa, dubi bakin gungumen, daidai inda zarto ya ci. Za ka ga haruffa da lambobi an rubuta da fenti. Akwai alamar kamfanin da ya sare, akwai ta dajin da aka saro, akwai ta irin itacen, sannan ga lambar da aka ba shi tun yana tsaye da ganyensa. Tagwayen wannan rubutu suna can cikin daji a kan kututturen da aka bari. Takardar izinin da ɗan kasuwa zai karɓa a bakin teku bayan watanni, daga wannan fenti ta samo asali, kuma in fentin ya yi ƙarya takardar ba za ta fito ba.

Abin farko shi ne mallakar ikon sara, kuma nan ne baƙo yake fara ruɗewa. A Gana yawancin ƙasa ta masarautu ce da dangogi, amma itatuwan katako da suka tsiro da kansu suna hannun shugaban ƙasa a matsayin amana, tun wata doka ta 1962. Saboda haka ba ka zuwa wurin sarkin gari ka yi cinikin daji ka shiga da inji. Dokar sarrafa albarkatun katako ta 1997 ta ce sai kana da kwangilar amfani da katako daga gwamnati. Kamfani ne mai rajista yake nema, ya nuna ya biya haraji, ya nuna yana da kayan aiki da ƙwararren ma'aikacin gandun daji. Waɗanda suka tsallake tantancewa sai su yi takara, wanda tayinsa ya fi shi zai ɗauka. Minista ya sa hannu, sannan a kai majalisar dokoki ta amince, domin tsarin mulkin ƙasar bai yarda a ba da albarkatun ƙasa ba tare da sanin majalisa ba. Babbar kwangila tana iya kai shekara 40.

Kafin gatari ya taɓa komai, sai kamfanin ya zauna da mutanen garuruwan da ke cikin tazarar kilomita 5 daga wurin aikin, a ƙulla yarjejeniya a rubuce. Zai yi musu aikin da darajarsa ta kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin kututture, wato kuɗin da yake biya a kan itatuwan da ya sare: rijiyar burtsatse, kwanon rufin makaranta, abin da suka zaɓa. A cikin yarjejeniyar akan sa har da ranakun da al'adar garin ta hana shiga daji, da wuraren da ba a taɓawa.

Sai ƙidaya, wadda ita ce ƙashin bayan al'amarin duka. An yanka gandun dajin gwamnati gida-gida, kowane yanki kimanin hekta 128, kuma yankin da aka sara yau ba a komo masa sai bayan shekara 40. Idan lokacin wani yanki ya yi, ma'aikatan Hukumar Gandun Daji sukan shiga da adduna da awo, su bi shi layi-layi. Duk itacen da faɗin gindinsa ya kai santimita 50, a auna shi daidai ƙirjin mutum, a ba shi lamba, a sa shi a taswira. Aiki ne na kwanaki cikin laima da cinnaka, kuma ba kowane itace da aka ƙirga ne za a sare ba. Kowane iri da iyakarsa. Odum, wanda 'yan katakon Najeriya suka fi sani da iroko, sai ya kai santimita 110. Ana barin iyayen iri domin su zubar da 'ya'ya, ana barin na bakin rafi da na gangaren dutse. Abin da ya rage bayan wannan tacewa shi ake rubuta wa kamfani a jere, lamba bayan lamba. Itacen da ba ya cikin jerin, ko da ya fi kowanne kyau kuma yana tsaye a bakin hanyar katafila, haramun ne.

Da itace ya faɗi, jami'in hukuma zai zo ya auna tsawonsa da kaurinsa tun ba a gutsuttsura shi ba, ya cika takardar bayanin itace. Da wannan awo ake lissafa kuɗin kututture. Kamfani kuma, bayan ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya cika tasa takardar ta bayanin gumagumai. Sai a haɗa biyun a gani. Itace ɗaya ba ya haifar da gumaguman da suka fi shi yawa. In jimillar gunduwoyin ta zarce awon uwar, to wani itace ya shigo ta bayan gida.

Bari in ɗan ratse a kan kuɗin kututturen nan, don akwai abin dubawa. Bayan hukuma ta cire nata kason na kula da daji, tsarin mulkin 1992 ne ya raba sauran. Kashi 10 cikin 100 na ofishin kula da filayen sarauta ne. Abin da ya saura a kasa shi uku: 25 ga gadon sarautar da ke da ƙasar, 20 ga hukumar gargajiya, 55 ga majalisar gunduma. Duba da kyau, babu sunan manomi. Mutumin da odum ya girma a tsakiyar gonarsa ta koko, ya yi shekara talatin yana kewaye shi da fartanya, abin da doka ta ba shi shi ne a nemi yardarsa kafin a sare, a kuma biya shi diyyar kokon da aka tattake. Ba abin mamaki ba ne da wasu manoma suke kashe irin waɗannan itatuwa tun suna ƙanana, ko su kira mai zarton inji da dare su karɓi nasu a hannu. A ganina wannan ita ce ɓarakar da ta fi kowace girma a tsarin, kuma ba lasisi ne zai ɗinke ta ba.

Gumagumai ba sa barin daji sai da takardar awo da izinin ɗauka, mai ɗauke da lambar motar da inda za ta sauke. Doka ta taƙaita aikin sara da fito da kaya daga daji tsakanin ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma a ranakun aiki, sai in an ba da izini na musamman. A shingayen hanya ana buɗe takarda, a zagaya bayan mota a gwada ta da fentin.

A kamfanin tsaga katako ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Dole kuwa a bi ta nan, domin tun tsakiyar shekarun 1990 Gana ta dakatar da fitar da ɗanyen gungume na dajin Allah. Wanda ake bari ya fita a mulmule shi ne na shuka, musamman tik, wanda Indiya ce babbar kasuwarsa. Saura sai an mayar da shi falanki, ko fallen katako, ko filawud. Wasu irin kuma in ka fitar da su da busarwar iska kawai, ba ka sa su ɗakin busarwa ba, akwai ƙarin haraji a kanka, dabarar da aka yi don aikin ya tsaya a gida. Nan ma lissafi ne mai gadi: zarto yana cin rabonsa, ɓawo da gefe-gefe suna zubewa, don haka falankan da suka fito dole su gaza gumaguman da suka shiga da gwargwadon da aka sani.

Yanzu ne aka iso ga abin da mutane suke kira neman lasisi. Sashen hukumar mai kula da cinikin katako, wanda aka fi sani da TIDD, hedikwatarsa tana Takoradi. Mai fitar da kaya sai ya yi rajista da su, ya riƙa sabuntawa. In ya sami mai saye a waje, ba ya loda ko falanki ɗaya sai ya kawo musu kwangilar cinikin sun duba: wane iri, wane daraja, nawa ne yawansa, nawa ne farashi. Suna da jadawalin farashi da suke gwadawa da shi, saboda tsohuwar dabarar nan ta rubuta kuɗi kaɗan a takarda a karɓi cikon a asusun waje. In kwangila ta wuce, sufeto zai je inda kayan suke. Ya sa a kwance ɗauri, ya auna kauri da faɗi, ya duba tsaga da ƙulli da hudar ƙwaro, ya gwada laima in an ce busasshe ne, sannan ya ba da takardar shaidar dubawa.

Duk takardun nan, tun daga ƙidayar daji har zuwa ta sufeto, suna shiga rumbun kwamfuta guda na bin sawun katako. Wani sashe dabam na hukumar, mai aikin tantance halasci, shi ke bin lambobin baya-baya. Falankin nan daga wane gungume, gungumen daga wane itace, itacen yana cikin jerin da aka yarda, an biya kuɗin kututturensa, an cika alkawarin mutanen gari? In an sami giɓi, kaya su tsaya har a warware. In komai ya daidaita, TIDD ta ba da izinin fitarwa. Kayan da za su Tarayyar Turai kuwa lasisin FLEGT, wato shaidar halascin katako, ake ba su, kuma kowane lodi da nasa. Ba takarda ce da za ka karɓa sau ɗaya ka ajiye a aljihun tebur ba.

Wannan lasisi ya sha jira. Gana ce ƙasa ta farko da ta ƙulla yarjejeniyar bayar da shi da Tarayyar Turai, a 2009, amma Indunusiya ta riga ta fara bayarwa a Nuwamban 2016. Sai da aka yi sabuwar ƙa'ida a 2017, aka gina rumbun kwamfutar, aka yi ta fama da mayar da tsofaffin hayar daji zuwa kwangilolin da majalisa ta amince da su. A 2025 Gana ta fara bayarwa, ta zama ta farko a Afirka, ta biyu a duniya. Amfaninsa ga ɗan kasuwa a fili yake: kwastan na Turai suna karɓarsa a matsayin shaidar cewa katakon halal ne. Sai dai kafin a gama wannan doguwar tafiya Turawan sun sake kafa wata doka a 2023, wadda ke neman a nuna cewa kayan ba su fito daga wurin da aka share daji bayan 31 ga Disamba 2020 ba. Lasisin ya amsa tambayar halasci, wannan kuwa tambaya ce dabam.

Akwai itatuwan da ke buƙatar wata takardar a kan wannan, ta yarjejeniyar CITES mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, kuma sunayensu ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Madobiya, wadda masu kujerun alfarma a Sin suka yi wa rubdugu daga arewacin Gana har Taraba, ta shiga jerin a taron 2016, kuma Gana ta sha haramta saranta da fitar da ita. A taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo na Afirka. Sauran matakan gajeru ne: takardar lafiyar tsirrai daga ma'aikatar noma in ƙasar mai saye ta nema, alkawarin dawo da kuɗin cinikin ta banki, sanarwar kwastan, a rufe kwantena a Tema ko Takoradi.

Ba duk katakon Gana ne yake ganin teku ba. Filawud da falanki masu yawa suna hawa mota su yi arewa ta Paga zuwa Burkina Faso da Nijar, ko su yi gabas ta Aflao zuwa Togo da Najeriya, kuma 'yan zango sun daɗe da sanin waɗannan hanyoyi. A doka su ma sai da izinin TIDD. Matsalar tana can baya, a inda falankin ya fito. An haramta tsaga katakon sayarwa da zarton inji na hannu tun 1998, amma binciken da aka yi wajajen 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na falankin kasuwannin cikin gida irinsa ne. Gane shi ba wuya. Shafa hannunka a jikin falankin: na kamfani sumul yake, na zarton hannu kuwa za ka ji sawun haƙoran sarƙa gurbi-gurbi, kaurin wannan kai bai yi daidai da na wancan ba, kuma in ka juya bakinsa ba za ka ga lambar kowa ba.