Darasi: Gwajin Irin Asuwaki

Asuwakin da alhazai ke kawowa tsaraba daga Makka saiwar wani itace ce. Larabawa na kiransa arak. Gajere ne, mai yawan rassa. Yana fitowa a gaɓar Bahar Maliya, wajen Sudan da Saudiyya, inda ƙasa ke da gishiri. Akwai shi kuma a yankin Tafkin Chadi.

'Ya'yansa ƙanana ne, ba su fi wake girma ba. Idan sun nuna sukan yi ja. Kowanne ƙwaya ɗaya ce a cikinsa, mai yawan mai.

Ga inda matsalar take. Naman da ya rufe ƙwayar yana hana ta tsirowa da wuri. Wanda ya shuka bai wanke ba, sai ya yi ta jira, har ya ce irin ya mutu.

Shi ya sa masana ke gwada iri kafin a raba. A ɗakin gwaji sukan wanke ƙwayoyin tas. Su ƙirga 400, su kasa kashi 4. Su jera a kan jiƙaƙƙiyar takarda a wuri mai ɗumi. Kullum su ƙirga waɗanda suka fid da saiwa. Wasu a ba su ruwan gishiri, a ga iyakar juriyarsu. Waɗanda suka ƙi tsirowa a tsaga su, a jiƙa cikin wani magani. Mai rai takan koma ja.

Mai renon itatuwa a ƙauye ma zai iya, da jiƙaƙƙen tsumma da ƙwaya 100. In 30 kaɗai suka tsiro, sai ya riƙa sa ƙwaya 3 ko 4 a kowace leda.