Walimar Yara Ta Wasanni: Kafin A Hura Usur, A Duba Fili

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantar firamare a nan Giade. A 'yan shekarun nan iyaye sun fara zuwa wurina da wata sabuwar buƙata: "Malam, yaron nan ya cika shekara goma," ko "yarinyar nan ta haddace izu biyar, muna so a tara musu abokai a buga ƙwallo a ci abinci." Ina murna da wannan. Batun hukuncin bikin ƙarin shekara na malaman addini ne, kowa ya tambayi nasa. Nawa fagen shi ne wasan kansa, ko walimar saukar karatu ce, ko ta Sallah, ko ta ƙarshen zangon makaranta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bara a tsakiyar bazara. Wani maƙwabcinmu ya shirya wa ɗansa irin wannan taro. Ya kashe kuɗi ƙwarai: riguna masu lamba, hayar lasifika, kek daga Azare. Amma an fara wasa ƙarfe biyu na rana, yara kusan talatin, manya da ƙanana, a kan ƙwallo ɗaya, kuma an ce ba za a raba abin sha ba sai an tashi. Kafin rabin sa'a wani yaro ɗan shekara bakwai ya durƙushe yana kukan ciwon ƙafa da baya. Mai cutar sikila ne, mai gidan kuwa bai sani ba. A kan babur ɗina muka kai shi asibiti, ya kwana uku. Babu wanda ya yi nufin cutar da shi. An tanadi komai, an manta da jikin yaran.

To ga abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo wurina.

Na farko, lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankinmu na Katagum yakan haura digiri 40, kuma yaro in wasa ya yi masa daɗi ba ya cewa ya gaji sai ya faɗi. A fara bayan sallar la'asar, a tashi kafin magariba. Sa'a ɗaya da rabi ta isa. Lokacin hunturu kuma a yayyafa wa fili ruwa don ƙura ta kwanta, saboda masu asma.

Na biyu, fili. Ni da ƙafata nake zagaya shi tun da safe, ina duban ƙasa. Tsakar gidanmu wurin aiki ne: ga murhu, ga turmi, ga turken awaki, ga igiyar shanya daidai wuyan yaro mai gudu. In akwai rijiya a rufe ta da murfi mai nauyi, a zaunar da babban mutum kusa da ita har a watse. Girki ya ƙare kafin wasa, ko a kai shi gidan maƙwabta, domin tukunyar man suya da yara masu guje-guje ba sa zama wuri ɗaya. In fili na waje za a yi amfani da shi, musamman gonar da aka girbe, a cire tushen kara, a share tsidau da ƙayar aduwa da fasassun kwalabe, domin yawancin yaranmu ba takalmi suke wasa. A nisanci bakin titi: ƙwallo in ta fita, yaro binta yake yi ba ya duban babur.

Na uku, tambaya. Lokacin gayyata a tambayi kowace uwa: yana da sikila? Asma? Farfaɗiya? Tambayar ba cin fuska ba ce. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, kuma ƙishirwa da wahala mai tsanani na tayar da ciwon. Kada a ware irin wannan yaro ya zauna yana kallo. A ba shi usur ya yi alƙalanci, ko ya riƙe allon maki, ko ya shiga gasar dara a inuwa, a yawaita ba shi ruwa.

Na huɗu, ruwa. Kowane minti goma sha biyar ina hura usur kowa ya sha, ko ya ce ba ya jin ƙishi. Ruwa mai tsabta ya fi lemon kwalba. Zoɓo da kunun aya da kankana a bar su zuwa hutu. In yaro ya fara jiri ko amai, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a jiƙa jikinsa, a fifita shi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya rikice ko ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa nan take.

Sai rabon yara, wanda nan ne yawancin walima ke lalacewa. Ɗan shekara biyar da ɗan sha biyu ba sa haɗuwa a kan ƙwallo ɗaya. Ina raba su kashi uku. 'Yan huɗu zuwa shida su yi jifan ƙwallo cikin bokiti da tseren lemon tsami a cokali. 'Yan bakwai zuwa tara su yi tseren buhu da tsallen igiya. Manyan su yi ƙwallo biyar-biyar, minti bakwai-bakwai, da takalma a matsayin raga. Kowane kashi da babban mutum guda da ba shi da wani aiki sai kallonsu, wayarsa a aljihu.

Kuma kada komai ya ƙare a ƙwallo. Yaranmu sun san Ahmed Musa da ƙwallaye biyun da ya ci Ajantina a gasar duniya ta 2014, sun san Wikki Tourists ta Bauchi, amma da yawansu ba su taɓa kama ƙafa ɗaya sun yi langa ba, alhali langa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa, tare da dambe da kokawa. Ba ta buƙatar ko sisi, sai yashi mai laushi. Ku ga yadda tsofaffin unguwa ke miƙewa su zama alƙalai in an fara ta. 'Yan mata kuma kada a mayar da su masu raba abinci. A ware musu ɓangarensu da malama ko yayyensu mata, su yi 'yar gala-gala da carabke da gaɗa da tsere. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, ba ta bambanta mace da namiji ba.

Abubuwa biyu ƙanana da ake rainawa: balan-balan da gyaɗa. Guntun balan-balan da ya fashe na iya toshe maƙogwaron ƙaramin yaro, haka ma gyaɗa da alewa mai tauri ga wanda bai kai shekara biyar ba. Ba a ci ana gudu. A zauna a tabarma, a wanke hannu da sabulu, sannan a ci. A ajiye sabulu da auduga da bandeji a kusa. Wanda ya yi haɓo ya sunkuyar da kai gaba, a matse masa hanci minti goma. Wanda ya taka ƙusa a wanke wurin a kai shi asibiti a duba batun allurar rigakafi, kada a zuba masa ƙasa ko toka.

Na ƙarshe, kyauta. Yaro ba ya manta ranar da aka raba wa kowa aka tsallake shi. Wanda ya ci a ba shi littafi, sauran kowa ya tafi da fensir. Ni nakan ware kyauta ta musamman ga wanda ya ɗaga abokin karawarsa da ya faɗi, kuma ita nake fara bayarwa a gaban kowa.

Bayan wata biyar da abin da ya faru, mahaifiyar yaron nan mai sikila ta aiko cewa yayarsa ta yi sauka, tana so in tsara wasa. Babu lasifika, babu riguna masu lamba. Ƙwallo ɗaya, buhuna shida, igiya, tulun ruwa a inuwar dogon yaro. Yaron mai sikila shi ya riƙe usur, kuma babu wanda ya isa ya yi masa gardama. Da aka kira magariba uwar ta ƙirga yara ashirin da biyu, kowa ya koma gida da ƙafarsa.

Iyaye, in za ku shirya irin wannan taro, ku nemi malamin motsa jiki na makarantar da ke kusa da ku tun kwana biyu kafin ranar, ku zagaya filin tare. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.