Mai yanke sifirin da giranda ba bakanike ba ne

Da janwe aka sauke min wata BMW E46 330i a gareji makon jiya, ƙafar baya ta dama ta karye ta shige ciki, rim ya tsage biyu. Ina ganinta na gane ta. Watannin baya mai ita ya kawo min ita, yaro ne ɗan jami'a, mai ladabi kuwa. Ya ce shi da abokansa sukan sami fili a rufe ranar Asabar su yi ta zagaye, yana so a sauke masa ita ƙasa don ta riƙa kama kwana.

Na ɗaga ta na duba. Bushin lowa-am na gaba sun mutu, na tirelin-am na baya ma sun saki, shokazoba ɗaya tana zubar da mai. Duk wanda ya san E46 ya san nan ne ciwonta, balle mota da aka daina ƙerawa tun wajen 2006. Na ce masa, "Ɗana, mu fara da waɗannan. A sa tayoyi huɗu iri ɗaya, a juye man birki, a yi alaimen. In kuɗi sun ragu sai mu yi maganar koyiloba." Ya ce, "Oga, ni dai a sauke ta kawai, sauran sai daga baya." Na ce ba a garejina ba. Ya yi godiya ya tafi.

Ashe wajen wani ya nufa, wanda ya yi masa aikin cikin yini guda a kan kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba. Abin da na tarar da na shiga ƙarƙashinta shi ya sa nake wannan rubutu, kuma har yanzu raina a ɓace yake. An sa giranda an datse zagaye biyu daga kowane sifirin. Na baya ɗaya ma ya fi ɗan'uwansa tsawo, ko awo mutumin bai yi ba. Robar bom-stof an yanke ta an yar, wai don motar ta ƙara zama. Tsohuwar shokazobar nan mai yoyo tana nan inda na bar ta. Sannan aka kai wa mai walda difransha ya like ta, saboda wani ya gaya wa yaron haka masu dirif suke yi. Tayoyin baya kuwa 'yan Beljiyam ne, kamfani daban-daban, ɗaya lambar gefenta ta nuna 2014 aka yi ta.

Abokansa sun ce a wata kwana ta hagu ce, yana cikin gudu, motar ta taka ɗan tudu. Ba sai an ba ni labarin sauran ba. Ƙafar waje ba ta da sauran wurin lotsawa, ƙarfe ya daki ƙarfe, nauyin duka ya faɗa kan tsohuwar taya lokaci ɗaya, baya ya kwace. Yaro ya firgita ya ɗaga ƙafa daga totur, abin ya ƙara lalacewa. Ta juya ta maka gefen kwalbati. Shi ya fito da ƙujewa. Abokinsa da ke zaune a gefe, wanda bai ɗaura bel ba saboda yana ɗaukar bidiyo, ƙugunsa ya karye, yana kwance a asibiti. Mahaifin yaron ya zo garejin ya tsaya yana kallon motar, ya ce, "Malam, injin ne ya yi masa ƙarfi ko?" Na ce, "Alhaji, inji bai yi laifin komai ba."

Mota ba ta kama kwana don ta yi ƙasa. Taya ce ke kamawa, aikin ƙafa shi ne ta riƙe tayar a kan kwalta. Ƙafar da ba ta motsi ba ta riƙe komai.

Kada ku yanke sifirin. Kada ku bari a gasa shi da wuta ya lotsa, wannan ma ya fi muni, don an kashe ƙarfen ke nan. Sifirin da aka gajarta yakan sauka daga mazauninsa in ƙafar ta miƙe, shokazobar asali kuma ba a yi ta don wannan tsayin ba. In za a sauke mota, a sayi sifirin da shokazoba da aka ƙera tare, a sauke kaɗan, a auna kusurwa huɗu, a koma alaimen. Duk wanda ya taɓa tsayin motarka ya ce ka tafi ba sai an duba kamba da to ba, karɓi makullinka. Ina ganin yara suna karkatar da taya har tana tafiya a kan gefenta, wai gayu. Ɗan kamba kaɗan a gaba yana taimako a fili, wancan kuwa cin taya ne da rage birki.

Man birki ma ba wanda ke tuna shi. DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha danshi yana iya saukowa wajen 155, kuma zagaye kaɗan a zafinmu ya isa feda ta nutse. Iskar taya a auna ta da zafinta bayan an zagaya, ba da ma'aunin mai faci na bakin titi ba. Sitabilaiza mai kauri a baya tana sa baya saurin fita, sabon shiga ba ya buƙatarta. Ku riƙa canja abu ɗaya ku gwada kafin ku taɓa na biyu. Difransha da aka like ba ta motar da za ta hau titi ba ce. E46 kuma a leƙa ƙasan bodi inda sabfirem na baya ke ɗaure, yana tsagewa.

Na sake faɗa, kada ku yanke sifirin. Ku kuma 'yan'uwana masu gareji, yaro ya zo da kuɗinsa yana roƙo ba hujja ba ce. Shi bai sani ba, kai ka sani, kuma ba shi kaɗai zai shiga motar ba. Iyaye, in kun ga motar ɗanku ta dawo gida tana goge ƙasa a bakin get, ku tambaye shi wa ya yi aikin, ku karɓe makullin har sai wanda ya san aiki ya duba ta.