Hunturu da Tsofaffinmu: Allurai Biyu na Riga-kafi

Da zarar hunturu ya kama, sai tari ya cika gida. Murar da matashi kan yi kwana uku ya warware, ita ce kan kwantar da dattijo, ta sauka ƙirji ta zama namoniya, wato ciwon haƙarƙari. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya kai shekara 65, da masu ciwon suga, asma ko ciwon zuciya.

Allurar mura mai tsanani
Ana yin ta kowace shekara, domin ƙwayar cutar tana sauya kama. Sai bayan kimanin mako 2 take fara aiki, don haka a yi ta kafin sanyi ya kankama. Ba ta hana ƙaramar mura ta yau da kullum.

Allurar namoniya
Wannan ba ta shekara-shekara ba ce. Yawanci sau ɗaya ake yi, likita ne zai faɗa idan ana buƙatar ƙari. Ana iya yin duka biyun rana ɗaya. Dantse kan yi tsami ko a ji ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, ya wuce.

Kada a manta da jikoki. Allurar namoniya da ake yi wa jarirai a mako na 6, 10 da 14 tana rage yaɗuwar cutar zuwa ga kakanni.

Idan tsoho ya fara numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, a kawo shi asibiti nan take, ko da jikinsa babu zafi.