Kafin ka sayi sabon batir, sa a auna cajin motarka

Sana'ata gyaran wayarin mota, kuma yawancin motocin da ke shigowa garejinmu tsofaffin Hilux ne da Peugeot 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, masu jigilar hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin ƙauye. Kukan masu su kusan ɗaya ne: "Oga, batir ya mutu, sai an tura take tashi." Sau da yawa mutum ya riga ya sayi sabon batir, bayan 'yan kwanaki shi ma ya kwanta. Batirin ba shi da laifi, abin da ke ciyar da shi ne ya gaza.

Aikin batir shi ne tayar da inji. Da zarar mota ta tashi, altaneta ce ke ɗaukar nauyin fitilu da sauran kayan wuta, tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Mitar auna wuta ce kawai ke raba gardama tsakaninsu. Idan mota ta kwana a kashe, cikakken batir zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka; in ya sauko zuwa 12, ya yi ƙasa sosai. Lokacin da ake murza makulli, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da 13, caji bai isa ba. Sama da 15, na'urar daidaita caji ta lalace, za ta tafasa ruwan batir, ta riƙa ƙona ƙwan fitila.

Ko an ga caji ya gaza, kada a yi saurin kwance altaneta. A fara da abubuwa masu araha. Fanbel da ya saki yana santsi, shi ne ƙarar da kake ji da safe. Farin garin da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. A wanke shi da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure tamau. Wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji kan ci tsatsa, musamman bayan damina, sai sitata ta riƙa ƙas-ƙas alhali batir a cike yake.

Akwai kuma wata 'yar fitila mai hoton batir a gaban direba da mutane ke rainawa. A yawancin tsofaffin motoci, ta cikinta ne wutar farko ke bi ta tayar da altaneta. In ka buɗe makulli ba ta kama ba, wataƙila ƙwan ya ƙone, kuma hakan kaɗai na iya hana caji. In an duba duk waɗannan, sannan a buɗe altaneta, galibi za a tarar gawayinta ne ya cinye, kuma canza shi ba ya kai kuɗin batir.

Idan caji lafiya lau amma batir na wayar gari babu wuta, to akwai ɓarawo a cikin wayarin: rediyo ko ƙarin fitilar da aka jona kai tsaye da batir, ko wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Ana gano shi ta hanyar zare fiyus da wayoyin da aka jona kai tsaye ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita.

Abubuwa uku nake roƙo a daina. Na farko, cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caji. Wutar kan yi tsalle ta ƙone altanetar da ake gwadawa. Na biyu, naɗa waya ko takardar sigari a madadin fiyus. Ta haka motoci da yawa ke kamawa da wuta. Na uku, ƙara wa batir asid ko ruwan rijiya. Zafin bazara ruwa yake ƙafarwa, don haka tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa.

Duk mai gyaran da ya ce maka batir ko altaneta ta mutu bai ɗora mita ba, cinke yake yi da kuɗinka. Ka ce ya auna a gabanka, ka ga lambar da idonka. Allah ya tsare hanya.