Filin Shawara: In kankare man sheƙin wuyan jitata?

Gwaggo, ina kaɗa jitar lantarki a gidajen biki a Damagaram. Na daɗe ina tari kafin na sayi wata Stratocaster ta hannu, mai farin wuya, an shafe allon da yatsu ke dannawa da man sheƙi. Idan kiɗa ya yi zafi na jiƙe da gumi, sai yatsuna su riƙa mannewa. Aminina ya ce man ne yake shaƙe sautin, in sa samfefa in kankare shi. Na ƙi, shi kuma yana ganin na raina saninsa, har mun fara 'yar tsama. Ya zan yi?

Ɗana, ajiye samfefar nan. Abin da ka kankare yau ba zai dawo ba sai da kuɗi mai yawa, da hannun gwani.

Farin katakon nan shi ake kira meful, kuma ba don ado kawai aka rufe shi ba. Ba shi da maiƙo a jikinsa. In ka bar shi tsirara zai sha gumi da ƙura, ya yi dabbare-dabbaren toka-toka waɗanda ba sa wankuwa, ya kuma riƙa kumbura da motsewa duk lokacin da yanayi ya juya. Shi ya sa tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951 da Stratocaster a 1954, wuyansu na meful a rufe yake da mai. Sai a 1959 kamfanin ya koma ɗora wa Stratocaster allon rozwud, katako mai duhu da ke da maiƙonsa na halitta, wanda ba ya buƙatar rufi.

Amma kada ka ce aminin naka bai san komai ba. Marigayi Eddie Van Halen an san shi da son wuya marar sheƙi, kuma kamfanin Music Man yana shafa wa wuyan jitocinsa da dama mai da kakin zuma kawai. Sai dai wannan ma kariya ce, ana sabunta ta lokaci-lokaci. Inda ban yarda da shi ba, batun sauti. A jitar lantarki tsirkiya kan ƙarafan da ke jere a allon take sauka, ba kan katako ba, maganaɗisun ɗaukar sauti kuma motsinta yake ji. In ma akwai bambanci, ɗan kaɗan ne, bai kai abin da sabuwar tsirkiya ko murɗa maɓallin lasifika zai ba ka ba. Damuwarka ta hannu ce, can za mu nemi magani.

Wanke hannu kafin ka hau, ka rataya ƙyalle mai laushi a kusa, ka goge wuyan tsakanin waƙa da waƙa. Sau da yawa daɗaɗɗen datti ne ke mannewa, ba man ba, don haka idan za ka sauya tsirkiya ka bi allon da ƙyalle mai ɗan laima, sannan busasshe. In har bayan wuyan ne ke riƙe maka babban yatsa, soson goge katako mafi laushi zai dusashe sheƙin ba tare da ya kai ga katako ba. A hankali, kuma bayan wuyan kaɗai. Kada ka zuba wa allon mai kowane iri, a sama zai kwanta ya ƙara jawo ƙura.

Shi kuwa amininka, kai za ka fara zuwa wurinsa. Ka ce masa ka ji shawararsa, ka gane akwai manyan makaɗa masu ra'ayinsa, amma guminka ne ya sayi jitar nan kuma ba ka da ta biyu. Wanda ke ƙaunarka zai fahimta.

Gwaggo, ni ce mai kaɗa bes a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Jos. Allon nawa baƙi ne, ba sheƙi. Tun shigowar hunturu ya yi fari-fari, bakin ƙarafan kuma yana yankar mini hannu. Wani kafinta ya ce in kawo ya shafa masa man sheƙi. In kai?

'Yata, kada ki kai. Allonki rozwud ne ko eboni, dangin kanyar da muka sani, kuma haka aka yi shi ya zauna. Gaskiya ne Rickenbacker suna rufe nasu da mai duk da duhunsa, Jaco Pastorius ma da ya cire ƙarafan Jazz Bass ɗinsa ta 1962 ya malala wa allon ƙaron da ake shafa wa jiragen ruwa don kada tsirkiya ta cinye katakon. Amma man ƙofa da kujera a kan katako mai maiƙo ba ya kamawa da kyau, ɓarewa zai yi, ya cushe gefen ƙarafa.

Hunturu ne ya tsotse laimar katakon ya motse, ƙarfe kuwa ba ya motsewa, shi ne bakinsa ya leƙo. Ki nemi man allon jita da ake sayarwa a shagon kayan kiɗa, ki ɗiga kaɗan a ƙyalle, ki shafa, ki goge sarai bayan 'yan mintoci. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Ban da man gyaɗa ko man ja, lalacewa suke yi su yi wari. Mai kuma ba ya mayar da ruwan da ya fita, saboda haka ki riƙa kwantar da bes ɗin cikin akwatinta, tare da soso mai laima a 'yar roba mai huji, yadda ba zai taɓa katako ba. Idan bayan makonni ƙarafan ba su daina yanka ba, mai gyaran jita zai goge bakinsu da zarto mai laushi, kuma yanzu da rani ya fi dacewa a yi shi, tun katakon yana a motse.