Littafin Wasanni na Birnin Yok

A arewacin Ingila akwai wani tsohon birni, sunansa Yok. Tun wajen shekara ta 1376 mutanen birnin su kan nuna labarun Littafi Mai Tsarki da wasan kwaikwayo a bakin hanya, sau ɗaya a shekara, ran wani idi na Ekklesiyar Roma da a ke yi domin girmama Jibin Ubangiji. A zamanin nan Littafi Mai Tsarki da Latin ya ke, talakawa kuwa ba su jin Latin, yawancinsu ma ba su iya karatu ba. Wasannin fa da harshen gari a ke yinsu.

Ba dogon wasa guda ba ne. Gajeru ne, kusan 48, tun daga halittar duniya har ranar shari'a. Abin da mu ke so ku lura da shi shi ne yadda aka raba su. Kowace sana'a tana da ƙungiyarta da shugabanninta, kamar yadda mu ka san Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, aka ba kowace ƙungiya wasanta. Masu sassaƙa jiragen ruwa su ke nuna yadda Nuhu ya gina jirgi, masunta da matuƙa su nuna Ruwan Tufana. Maƙeran zinariya su ne masu hikima daga gabas da kyautansu. Masu toya gurasa aka ba Jibin Ƙarshe. Gicciyewa kuwa, maƙeran ƙusa su ke yinta, sojoji huɗu suna ta gunaguni kan nauyin gungumen da wahalar aikin, kamar ma'aikata a ranar aiki. A ganinmu babu wanda ya kai wannan sa jiki sanyi. Wasan masu yaɓe, na kwanakin halitta, mutum ɗaya ne ke magana daga fari har ƙarshe, ba mai amsa masa.

Kowace ƙungiya ta kan ɗora kayan wasanta bisa babban amalanke. Tun da asuba su ke fita, bi da bi, su tsaya wurare kamar 12 cikin gari, a kowanne su sāke wasan daga farko.

To, wa ke tsare maganar kada ta lalace a bakin mutane masu yawa haka? Bayan shekara ta 1460 hukumar gari ta sa aka kwafe wasannin cikin littafi guda. Daga baya magatakarda ya kan zauna da littafin a masaukin fari, yana bin abin da 'yan wasa ke faɗi, in ya ji abin da babu a rubuce ya sa alama a gefe. A 1476 kuma aka kafa doka, gwanaye huɗu su gwada 'yan wasa tukuna, su fid da marasa murya. Kada mutum ya fito cikin wasa fiye da biyu a ranar, in ba haka ba tara sule 40.

Bayan da Ingila ta rabu da Roma sai manya su ka daina yarda da wasannin. A 1569 aka yi na ƙarshe. Littafin ya yi shekara fiye da ɗari uku ana ajiyarsa daga hannu zuwa hannu, sai a 1885 wata mace, Lucy Toulmin Smith, ta buga shi. A 1951 mutanen Yok su ka ɗauki wasannin daga cikinsa, su ka sāke yinsu a kangon wani tsohon gidan ibada na birnin.